Watannin Mushtari Sun Fi Goma Sha Shida

Mut, Dakhla
14 ga Sha'aban, 1446

Zuwa ga 'yata Rabab,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki Midhat da jikokinmu Ziyad da Lujain. Allah Ya raya su bisa tafarkin gaskiya, Ya sa albarka a karatunsu, Ya kare ku daga sanyin Kanada da muke jin labarinsa har jikinmu ya yi ta rawa daga nan. Ga azumi ya ƙarato, Allah Ya nuna mana shi da rai da lafiya, Ya karɓi ibadarmu baki ɗaya.

Mu nan alhamdulillahi. Sanyin bana ya yi tsanani, da asuba ruwan randa ba ya taɓuwa, amma alkama ta yi kyau kuma lemo ya yi 'ya'ya har rassa na sunkuyawa. Mahaifiyarki Hajiya Saniyya tana nan da ƙarfinta, har yanzu ita ke shanya ƙullun burodi a rana da kanta, duk wadda ta ce za ta taya ta sai ta ce hannun 'yan matan zamani bai san gishiri ba. Gwaggonki Atiyat gwiwoyi sun matsa mata, tana zuwa rijiyar ruwan zafi sau biyu a mako tana jiƙa su, ta ce tana samun sauƙi, ni kuwa ina ganin hirar matan wurin ce ke yi mata magani. Wa'il ɗana an sa ranar aurensa bayan ƙaramar sallah. Mahaifinki kuwa, kin san halin da yake ciki. Wankin ƙodar ya koma sau uku a mako. Idan kin kira yakan gyara murya ya ce miki garau yake, amma ni da nake raka shi asibiti ina ganin yadda yake dawowa kamar an matse tsumma. Gona ya bar wa Usama ƙanenki tun kaka, shi dai ya zauna a bakin ƙofa yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda shekara goma sha ɗaya kenan da tafiyarki ban taɓa aiko miki da ko layi ɗaya ba. Da na so sai in karɓi waya a hannun mahaifiyarki ranar Juma'a, amma na san kaina. A waya zan ɓuya a bayan ya gida ya yara har lokaci ya ƙare. Maganar da ke bakina ta daɗe a cikina shekara ashirin da biyu, kuma ba irin wadda ake faɗa a tsaye ba ce. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, daga nan ki yi da ita yadda kika ga dama.

Mako biyu da suka wuce wasu ɗaliban jami'a suka zo garin nan da madubin hangen taurari, suka kafa shi a farfajiyar cibiyar matasa, aka yi shela cewa bayan magariba kowa ya zo ya kalli Mushtari. Ni ban yi niyyar zuwa ba. Mahaifinki ne ya kafe sai an kai shi, ya ce shi da yake kwana yana kallon silin asibiti, ai gara ya kalli na Allah. Muka lulluɓe shi da bargo muka sa shi a tuktuk, keken hayar nan mai ƙafa uku, Atiyat ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Wadda ke jagorantar ɗaliban wata budurwa ce mai suna Yumna, 'yar siririya, muryarta kamar ta mai kiran kaji amma maganarta a tsare. Ta nuna mana tauraron nan mai haske da ba ya ƙyaftawa, ta ce ba tauraro ba ne, duniya ce, kuma ita ce mafi girma cikin masu kewaya rana, da za a buɗe cikinta a zuba irin tamu duniyar, sai ta haɗiye fiye da dubu ɗaya. Ta ce duk girman nan nata iskar gas ce, babu ƙasar da mutum zai taka. Mahaifinki ya ce to duniyar da ba za a dasa dabino ko ɗaya a cikinta ba, ina amfanin girman. Ta ce tana juyawa da sauri, dare da yininta duka awa goma ne, sai Alhaji Barakat mai gyaran famfo ya ce a yi masa rajista, can zai yi azumin bana. Da ta ce shekara ɗaya a can kusan shekara goma sha biyu ce a nan, Atiyat ta yi lissafi da yatsunta ta sanar da jama'a cewa ita ashe yarinya ce 'yar shekara biyar, a daina ce mata Hajiya. Aka yi ta dariya, har da ni.

Da layi ya zo kanmu muka tallafi mahaifinki ya sa ido. Ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce yana ganin wani farin ƙwallo mai ɗamara biyu, ga kuma wasu ƙananan ɗigo huɗu a jere kamar 'yan agwagwa a bayan uwarsu. Yumna ta ce manyan watanninta ne, ta ba shi labarinsu ɗaya bayan ɗaya: na kusa cike yake da duwatsu masu aman wuta, na biyu ƙanƙara ce ta rufe shi kuma masana suna kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashinta, na uku shi ne mafi girman wata da aka sani, na huɗu kuwa duk jikinsa ramuka ne kamar wanda ya yi agana. Ta ce a jikin Mushtarin kanta akwai wata jar guguwa da ta fi duniyarmu faɗi, tun kafin a haifi kakanninmu take kaɗawa ba ta tsaya ba. Duk wannan na san shi, na koyar da shi shekara talatin da huɗu, ko da yake sai a ranar na fara ganinsa da idona. Sai mahaifinki, idonsa na kan madubin, ya tambaye ta ko watannin duka nawa ne. Ta ce waɗanda aka tabbatar zuwa yanzu casa'in da biyar ne, kuma ana ci gaba da gano wasu. Ya ɗago kai a hankali. Ya ce ba goma sha shida ba ne? Ta yi murmushi ta ce ai wannan lissafin tsofaffin littattafai ne, Baba. Ya ce ta duba masa a wayarta, a shekara ta dubu biyu da uku, wajen watan huɗu, nawa aka sani. Ta duba ta ce a lokacin sun riga sun haura hamsin, don a watannin farko na shekarar an gano da yawa a jere. Ya ce mini sanyi ya ishe shi, mu tafi gida.

Kin fi ni sanin abin da ya sa ya tambayi wannan shekarar, amma zan rubuta shi yadda ya faru, don ban taɓa faɗarsa da bakina daidai ba. Kina aji uku na ƙaramar sakandare, aka yi gasar kimiyya ta makarantun gundumarmu. Wadda ta ci za ta wuce Kharga, daga can a kai su Alƙahira mako guda su ga gidan kallon taurari. Ni ne shugaban alƙalai. Tun daga safe nake jin idon mutane a kaina, ina cewa a raina kada a ce Ustaz Hilmi ya fifita 'yar ƙanensa. Aka rage ku biyu, ke da Hanan 'yar mai kantin magani, makinku ɗaya, tambaya ɗaya ta rage. Na karanta: watanni nawa ne ke kewaya Mushtari. Hanan ta rubuta goma sha shida, abin da ke cikin littafi da kuma katin da ke hannuna. Ke kika rubuta sun fi hamsin. Da na ce kin faɗi, kika ɗauki makirfo kika ce kin ji a rediyo ranar Talata kina taya mahaifiyarki tsince shinkafa, kin ma rubuta a littafinki, sannan kika ce littafin makaranta ne ya tsufa, Baffa. Zauren ya ɗauki dariya, ga manyan ofishin ilimi a layin gaba. Na ce watanni ba zomaye ba ne da za su yi ta haihuwa kowane mako, kuma tunda ke kika je kika ƙirgo su, me ya hana ki riƙo mana ɗaya tsaraba. Dariyar ta juyo kanki, ta fi ta farko ƙarfi. Na ƙara da cewa yarinyar da ba ta san bambancin gida da makaranta ba, ba ta isa wakiltar gunduma ba. Kika ajiye makirfo a hankali kika koma kujerarki. Ba ki yi kuka ba, na tuna wannan sosai.

Da yamma mahaifinki ya kawo ki gidana, hannunsa riƙe da tsintsiyar hannunki. Ya ce kin kunyata yayansa a bainar jama'a, kin yi masa ƙarya kuma, sai kin sumbaci hannuna kin nemi gafara. Atiyat ta ce a bar yarinya haka nan, bai saurare ta ba. Na miƙa hannun, Rabab. Na zauna a kan kujera na miƙa shi, har da cewa Allah Ya shirye ki.

Iyakar abin da kika sani kenan, kuma iyakar abin da mahaifinki ya sani har zuwa wannan maraicen. Ga sauran. Bayan kwana tara da gasar, Ustaz Girgis malamin lissafi, Allah Ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa, ya same ni a ɗakin gwaje-gwaje ya ajiye mini shafin wata jarida da ɗansa ya kawo daga Asyut. An rubuta a fili cewa masu binciken sama sun gano sabbin watanni a kewayen Mushtari, adadinsu ya wuce hamsin. Na karanta sau biyu. Takardar sunan wadda ta ci gasar tana cikin aljihun teburina a lokacin, ba a aika ta Kharga ba, saura kwana biyu. Girgis ya ce mini yarinyar nan ta fi mu gaskiya, kuma gyaran ba wuya, in rubuta wa ofishi layi uku, ko dai a sake tambaya ko a tura ku ku biyu, shi zai sa hannu a ƙarƙashin nawa. Na ce masa gasa da littafin gwamnati ake yin ta ba da jarida ba. Ya dube ni ya ce ya ji, amma ko ba don gasa ba ai sai in je gidan ƙanena in faɗa wa yarinya ba ƙarya ta yi ba. Na ce zan je. Na ninke shafin na sa a aljihu. Na aika sunan Hanan. Gidanku kuwa na je a wannan makon har sau uku, na sha shayi, kika kawo mini ruwa da hannunki, ban buɗe baki ba. Kullum sai in ce gobe. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda zan dubi mahaifinki in ce masa ya sa 'yarsa ta durƙusa a banza, da yadda labari zai zaga gari cewa 'yar shekara goma sha biyar ta gyara wa Ustaz Hilmi karatu. Girman kai rawanin tsiya ne, na naɗa shi kuma na zauna da shi. Girgis bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, amma daga ranar ya daina zama kusa da ni a ɗakin malamai.

Shekarar da ta biyo baya kika shiga babbar sakandare, da lokacin zaɓi ya zo kika ɗauki ɓangaren adabi, ke da ba a taɓa zarce ki a kimiyya ba. Mahaifiyarki ta zo ta roƙe ni in yi miki magana, na ce mata a bar yaro da abin da yake so. Ban ce ni na juya miki rayuwa ba, wannan ma wani girman kan ne, kuma na ji aikin fassarar da kike yi a asibitin can ana yaba miki. Allah ne Ya san abin da Ya rubuta wa kowa. Amma na san yarinyar da take hawa rufin ɗaki da littafi tana zana inda kowane tauraro ya fito, na kuma san ba ta sake hawa ba. Daga wannan ranar ba ki sake ce mini Baffa ba, sai Ustaz Hilmi, cikin ladabi, ko a ranar aurenki. Mutane suna cewa girmamawa ce. Ni na san me nake ji duk lokacin da kika faɗa.

A hanyarmu ta dawowa daga cibiyar matasan, tuktuk na girgiza mu, har muka wuce masallacin kasuwa. Sai mahaifinki ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko yau na fara jin wannan magana. Da na ce eh da ya yarda, don bai taɓa zargina da ƙarya ba tun muna yara. Na gaya masa komai, da jaridar, da Girgis, da kwana biyun da suka rage. Atiyat ta rufe bakinta da mayafi, ita ma ba ta sani ba. Mahaifinki ya sa mai tuktuk ya tsaya, ya ce zai ƙarasa da ƙafa, mutumin da ba ya iya zuwa masallaci sai an riƙe shi. Da ƙyar muka hana shi sauka. A ƙofar gida ya ce mini shi manomi ne, bai yi karatu ba, duk abin da na ce game da littafi ɗauka yake kamar aya, kuma da hannunsa ya ja 'yarsa ya kai ta ta ba da haƙuri a kan gaskiyarta. Ya ce shekara da shekaru yana tambayar kansa me ya sa Rabab take yi masa komai, magani, kira, gaisuwar sallah, amma ba ta taɓa zama ta yi hira da shi kamar da ba. Ban taɓa ganin hawayensa ba tun rasuwar mahaifiyarmu sai a ranar.

Kwana goma sha biyu bai yi mini magana ba. Ranar wankin ƙoda sai ya ce Usama ya kai shi. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina, da na sani ƙeya ce, a baya take. Na je ofishin ilimi na ce ina so a gyara sakamakon wata gasa, ma'aikacin ya tambayi shekarar, da na faɗa ya zaci wasa nake, ya ce shi a lokacin yana aji biyu na firamare, ya kawo mini shayi. Daga nan na wuce tsohuwar makarantarmu na roƙi shugabar ta ba ni minti biyar a taron safe. Na tsaya gaban 'yan mata ɗari uku na ba su labarin, da sunanki da nawa, na ce musu idan malami ya ce kun yi kuskure kuma kuna da hujja, ku kawo ta cikin ladabi kada ku janye. Sun tafa, amma tafin bai yi mini daɗi ba, don wadda ya kamata ta ji ba ta wurin. Ranar Juma'a bayan an ci abinci a gidanku, gaban mahaifiyarki da Usama da matarsa da duk wanda ke nan, na sake faɗa. Mahaifiyarki ta ce ita tun ranar ta san 'yarta ba ta ƙarya, don tare suka ji rediyon, amma wa zai saurari mai tsince shinkafa alhali Ustaz ya yi magana. Wannan ta fi komai shiga jikina.

To ga shi na zo gare ki a ƙarshe, ke da ya kamata in fara da ke. Ke ce da gaskiya, Rabab. Na zalunce ki a gaban mutane, na kuma sake zaluntarki a ɓoye bayan na sani, na biyun ya fi muni. Ina neman gafararki, amma ba na ɗora miki ita dole, kuma ba sai kin ba ni amsa ba. Abin da nake roƙo shi ne kada laifina ya ci gaba da tsayawa tsakaninki da mahaifinki. Shi bin yayansa ya yi. Likita ya ja ni gefe a watan da ya wuce ya ce zuciyarsa ta fara gajiya da wankin, bai ba ni adadin kwanaki ba, amma ya ce wanda ke da ɗa a nesa ya kira shi. Idan da hali ki zo da sallah, ga bikin Wa'il ma. In ganina zai dame ki, sai in tafi wurin 'yata Nagwa a Kharga har ki gama kwanakinki, ba wanda zai ce uffan.

Shekaranjiya ya aiko Usama ya kira ni. Na same shi a bakin ƙofa cikin rana, ya matsa mini a kan benci, muka zauna. Can ya ce shi bai iya riƙe alƙalami ba, tunda ni na ɓata ni zan rubuta, amma sai na karanta masa kafin in rufe. Yau da hantsi na karanta masa har zuwa nan. Ya ce na cika surutu irin na malamai, sannan ya ce in ƙara nasa. Ya ce in gaya miki shi ba ya son yafiyar waya. Yana so ki zo ki zauna a kan bencin nan ki yi masa faɗa ido da ido, ki ɗaga murya in kin so, yadda 'ya'yan mutane suke yi wa iyayensu idan sun tsufa, shi kuma zai yi shiru ya saurara har ki gama.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce zaitun ɗin da ta jiƙa miki yana nan ba ta bari kowa ya taɓa ba. Atiyat, Usama da matarsa Du'a, Wa'il, da Nagwa da yaranta duk suna gaisuwa. Ki gaishe mini da Midhat da kyau, ki shafa kan Ziyad da Lujain. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Yayan mahaifinki,
Hilmi Abdul-Maula